Horon sauraro da muka yi wa Baba bayan shanyewar ɓarin jiki

Wata bakwai ke nan da Baba ya faɗi a gidanmu na Agege da ke Legas, ɓarin dama ya shanye. Abin da ya fi ɗaga mana hankali ma ba ƙafar ba ce, sai ka yi masa magana ya zuba maka ido kamar da wani yare kake yi. Mun ɗauka kurumcewa ya yi, aka gwada kunne, lafiya lau. Likita ta ce afeshiya ce, ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa inda ake gane magana, sauti yana shiga amma ma'anar ba ta isa.

Aka haɗa mu da wata mai koyar da magana, Bayarabiya, ita ta sa na biya kuɗin wata manhaja ta horon sauraro a waya. Wallahi asarar kuɗi ce. Muryar wata Ba'amurkiya ce take cewa a taɓa hoto, kuma hotunan fa? Dusar ƙanƙara, akwatin wasiƙa, kare kwance a kan gado! Mutumin da ya yi shekara 40 yana cinikin shanu a Oko-Oba, Hausa da Yarbanci da Turancin buroka ne a bakinsa, ina ruwansa da dusar ƙanƙara? Rana ta uku ya ture wayar da hannun hagu ya juya fuska bango, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukana.

Amma ita matar, gaskiya Allah Ya saka mata. Da ta gani sai ta ce a ajiye waya, a kawo kayansa: carbi, goro, hula, buta. Ta sa aka kashe talabijin aka rufe tagar da ƙarar janareton maƙwabta ke shigowa, ta ce mutum ɗaya ya riƙa magana, a hankali, gajeriyar jimla, kuma kar a ɗaga murya tunda ba kurma ba ne. Abu biyu muka fara ajiyewa a gabansa, daga baya huɗu. Sati biyar muna cewa goro yana ɗaukar hula, ni har na fara cire rai. Wata Juma'a bayan la'asar Hajiya ta ce "Alhaji, miƙo min carbin nan", ba ma horo ake yi ba, kawai ya kai hannu ya ɗauko ya ba ta. Hajiya ta kasa cewa komai, sai hamdala take ta yi.

Sai dai fa matar ba ta taɓa zuwa kan lokaci ba, kullum gosulon Ikeja, ga shi Baba da yamma ya riga ya gaji, minti 45 ɗin da muka biya sai ya koma 20. Hausarta kuma ba ta wuce sannu da yauwa ba, ni nake zama tafinta, ranar da ba na nan zaman ya tashi a banza. Manhajar kuwa jiya ma na ga alat sun sake cire min kuɗi, har yanzu ina neman inda ake soke ta.