Mun bi samarin nan masu kai mutane kallon Hawan Daushe a Zariya, ga yadda muka ƙare da su

Assalamu alaikum. Tun ranar da na sa hotunanmu na Ƙofar Fada a WhatsApp ake ta kirana, wai su waye suka kai ku, nawa kuka biya, kuma wai da gaske har da Goggo kuka shiga wannan turmutsutsun? Eh da gaske ne wallahi, har da ita. To bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji, amma sunan yaran ba zan kama ba, saboda akwai inda zan yaba musu akwai kuma inda raina ya ɓaci sosai.

Wasu samari ne 'yan cikin birni, ɗan shago gare su a wajen Tudun Wada, in Sallah ta zo sai su haɗa gurup su ɗauki bas su zaga da baƙi wuraren da kowa ke son gani a Zariya, a ƙarshe su kai ka kallon hawa. Wani zai ce kai Bazazzage haihuwar nan me ya kai ka biyan kuɗi a nuna maka garinku? Ai ni kaɗai da ba na buƙata, tun muna yara muke bin dawaki da ƙafa. Amma bana ƙanwata ta zo daga Abuja da yaranta uku, ga Goggo ƙanwar mahaifinmu da aure ya kai Jos tun da daɗewa, ta haura 70 yanzu, ta ce rabonta da ganin Daushe tun farkon sarautar marigayi Shehu Idris, ku tuna fa shi a 1975 ya hau ya yi shekara 45 a kan gado. Ta ce min ɗan nan ko a goye ne sai ka kai ni in gani. Ni kuma na san ba zan iya riƙe tsohuwa da yara uku a wannan cikowar ba, shi ya sa na neme su.

Kuɗin dai naira dubu 15 ne babba, yaro rabi, na tura rabi ta transfa sauran na cika ranar. A ciki suka ce akwai mota, abincin rana, ruwa, da wurin zama na kallo. Ku riƙe maganar wurin zaman nan zan dawo kanta.

Sun ce ƙarfe 8 a Kwangila, ba su iso ba sai 9 saura kwata. Bas ɗin mai cin mutum 18 ce, tsaf take ba laifi, direban dattijo ne mai haƙuri. Daga nan muka miƙa Wusasa. Sun tsaya da mu a bakin tsohon cocin nan na ƙasa da aka gina a 1929, wanda ke jagorantarmu ya ba da labarin Likita Mila, Baturen mishan, da yadda 'yan mishan suka baro cikin birni suka dawo nan, ya ce a unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Yaran ƙanwata sun sha mamaki ganin coci da ginin tubali irin na Hausa, babban ya ce Kawu ai kaman zauren gidan Kaka. Bayan minti goma muka wuce dutsen Kufena.

Kufena kam gaskiya ba a kyauta mata ba. Lokacin Sallah ne, dutsen ya cika da samari da 'yan mata kowa da ankonsa ana ta hotuna, masu acaɓa da keke sun cika gindin dutsen, kuma mun iso rana ta riga ta ɗaga, ga zafin ƙaramar Sallah, dutsen in ka dafa da hannu sai ka janye. Minti 40 suka ba mu. Minti 40 me za ka yi da shi a Kufena? Kafin yara su kai rabin hawa an fara kiran a sauko. Goggo dama a inuwa ta zauna. Abun da na ji daɗi kawai shi ne yaron da ke jagorantarmu ya nuna mana ragowar tsohuwar ganuwa a can ƙasa, ya yi bayanin yadda mazaunin sarautar Zazzau ya taso daga Turunku zuwa nan Kufena kafin a kafa birnin da muke ciki yanzu, da labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, kuma duk inda abu ya zama labarin kaka da kakanni ne sai ya ce haka ake faɗa, baya rantsuwa a kai. Wannan ya burge ni. Amma Kufena wuri ne na sassafe, a hau da sanyin safiya a zauna a sama a ga gari shimfiɗe da rimayensa, ba a haɗa ta da hawa rana ɗaya ba.

Inda kuɗina ya fara halatta shi ne shiga birni. Yaron ya ce wa direba Baba kar mu kuskura mu bi ta Ƙofar Doka, yanzun nan daga can har Babban Dodo gosulo ne, sai muka zaga ta Ƙofar Kuyambana, kafin 12 muna ciki. Aka yi fakin a wani fili nesa da fada, muka taka ta lunguna, wallahi wasu lungunan ni da aka haifa a garin nan ban taɓa bin su ba, ka shiga nan ka ɓulla can, ko'ina ana ta shirya dawaki a ƙofar gida ana ɗaura sirdi ana gyara jalala, yara sun kewaye, masu ɗinki kuma har a ranar wasu na kan ƙarasa aikin babbar riga. Goggo tana tafe tana kiran sunan unguwanni da kanta, tana cewa nan da akwai rijiya, nan gidan su wance ne.

Bayan azahar mutane sun ɗan ragu suka shigar da mu Masallacin Juma'a. Muka ga abun da ya rage na tsohon ginin. A lokacin daga waje ginin zamani muka gani wanda aka lulluɓe shi da shi a shekarun 1970, amma a ciki aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, ƙasa ce da azara kawai, ga manyan ginshiƙai ga bakan gizo sun tashi sun haɗe a sama ga zane a jiki, da muka shiga sai muka ji sanyi ya sauko mana duk da zafin da ake a waje. Kusan shekara 200 kenan. Na sha yin sallah a masallacin nan amma ban taɓa ɗaga kai na tsaya na duba da kyau ba sai ranar da yaron nan ya ce ku kalli yadda aka ɗaura wannan bakan a kan wancan. Sai dai nan ma sauri ake, wani gurup na jira a baya.

Abinci a wani gida suka kai mu cikin birni, waina da miyar taushe da naman kaza, da zoɓo mai sanyi. Ya yi daɗi kuma ya ishi kowa. Amma abun da ya fi abincin amfani shi ne gidan kansa: mata suka shiga ciki suka yi sallah suka kama ruwa, yara suka zaga bayi, Goggo ta miƙe ƙafa a tabarma kusan awa ɗaya. Duk wanda ya taɓa kai iyali kallon hawa ya san wannan ba ƙaramin abu bane, domin da ka shiga filin nan babu inda za ka fita sai an tashi.

To maganar wurin zama. Lokacin da zan biya yaron cewa ya yi akwai kujera a rumfa. Da muka je ƙarfe 3 sai ga benci biyu a kan wani dogon dakali, mu 18, bencin ba zai ɗauki fiye da mutum goma ba, rumfar kuma wani tamfol ne da bai rufe rabinmu ba. Raina ya ɓaci, na ja shi gefe na ce Malam ba haka muka yi da kai ba, tsohuwa na kawo. Ya ce Yallaɓai ka yi haƙuri, wanda muka yi magana da shi ne ya saɓa. Ni ban ce ƙarya yake ba, amma kowa ya san rumfar gaske ta manyan baƙi ce da aka gayyata, to tun farko ka ce min dakali ne da benci in zo da lema da kujerar roba daga gida, ai ba zan fasa ba. Ya dai ruga ya samo wa Goggo kujera a maƙwabta, mu maza muka tsaya a tsaye har aka tashi.

Amma wurin kansa, kai! Ya san inda ya ajiye mu. Dakalin ya ɗaga sama da kan mutane, rana tana bayanmu, kuma dawakin ta gabanmu suke wucewa. Kafin la'asar filin ya cika maƙil ba masaka tsinke, yara a kan katanga, a kan bishiya, a wuyan iyayensu, masu fiya wata da rake da alawa suna kutsawa. Sai aka fara shigowa tawaga bayan tawaga, kowane hakimi da mutanensa da kalar kayansu da makaɗansa, yaron yana tsaye kusa da mu yana faɗa mana wannan Madaki ne, wannan Galadima, ga Iya, ga Magajin Gari, ga Wambai, yana bayanin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da cewa Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli da ya hau a 2020 daga gidan Mallawa yake, gidan da ya yi kusan shekara 100 sarauta bata koma ba. Tun kafin 'yan bindiga su iso ya ce wa ƙanwata Anti ki rungume ƙaramar ki toshe mata kunne, minti biyu ba a yi ba sai ƙara da hayaƙin albarushi, yaran wasu suna ta kuka tamu ko gezau. 'Yan lifidi suka wuce, 'yan sulke, 'yan kwalkwali, dogarai da ja da kore, ƙura ta tashi har kana jin ta a haƙori.

Da aka busa kakaki laima ta ɓullo, ban san yadda zan kwatanta muku ba, filin nan gaba ɗaya ya ɗauka, dubban mutane hannu a dunƙule sama ana jinjina, mata na guɗa. Goggo ta miƙe da kanta ba wanda ya kama ta, tana jinjina hawaye na zuba, tana cewa Allah ya ja zamani, Allah ya jiƙan mazan jiya. Daga baya take faɗa min mahaifinsu ne ke ɗora ta a kafaɗa a daidai wajen nan. Sannan aka zo jahi, mahaya su sako dawaki a guje su zo su ja linzami gaf da Sarki su ɗaga hannu, babban yaron ƙanwata ya ƙanƙame hannuna bai sake ba har aka gama.

Akwai masu cewa wai meye na shiga wahala, a zauna gida a kalla a waya. Ni ban yarda ba sam. Cikowar nan ita ce hawan, in ka cire mutanen nan da guɗarsu da ƙurarsu saura dawaki ne kawai ke tafiya. Abun da ake buƙata shi ne wanda ya san ƙarfe nawa za a shiga, ta wace ƙofa, a tsaya a ina, kuma wannan yaran sun iya shi. Sai dai ku kula da aljihu, wani bawan Allah a gurup ɗinmu ya sauka dakali ya ɗau hoto ya dawo ba wayarsa ta biyu, kuma sabis ɗaukewa yake saboda yawan jama'a, kar ka dogara da cewa za ka kira wani in kun rabu.

Fitowa ce ta fi komai ɓata min rai. Ana tashi gab da magariba suka ce kowa ya taso a tafi mota, alhali a lokacin ne duk garin ke fita lokaci ɗaya, ga dawaki na komawa gida ta cikin lungunan nan masu ƙunci, mahaya sun gaji dawakin sun gaji, duhu ya fara. Su biyu ne kacal ke kula da mutum 18, ba tocila, nan da nan gurup ya rabe biyu. Sau biyu ina manna Goggo da bango doki ya wuce, ƙanwata na goye da ɗaya tana jan biyu. Tafiyar da muka yi a minti 15 da rana sai da ta ci mana kusan minti 50, muka zauna a mota jiran sauran, bamu isa Samaru ba sai bayan 9 da rabi. Alhali ga gidan da muka ci abinci nan kusa, da sun mai da mu can mun yi magariba da isha'i hanya ta sarara sannan a fita, da ba wanda ya sha wannan wuyar. Wannan ba maganar kuɗi bace, rashin tsari ne, kuma da tsoho ko yaro ya faɗi a gaban doki fa?

Washegari da safe shugabansu ya kira ni da kansa ya ba da haƙuri, ya mayar min da dubu 5 na maganar benci ba tare da na tambaya ba. Na faɗa masa duk abun da na rubuta nan, na ce ku raba Kufena ku mai da ita wata rana da asuba, ku ƙara mutum biyu masu riƙe baya, ku daina cewa rumfa. Ya ce in sha Allah. Zan sake bin su Daushe in ina da baƙi, amma da kujerata da tocilata zan je, kuma sai mun yi magana a kan fitowa kafin in tura ko sisi.

Goggo kwana biyu tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi. Ranar Alhamis kafin ta koma Jos ta ce in mai da ita masallacin nan, bata ƙoshi da gani ba. Muka je da hantsi a keke, na nemi izini wajen mai kula da wurin ya buɗe mana, ba kowa sai wani tsoho yana karatu a gefe. Ta zauna ta jingina da ginshiƙi ɗaya tana jan carbi, na bar ta har kusan azahar.