Kafin ki tura kuɗin saitin tukwanen nan, zo mu yi magana

Ƙanwata ce ta turo min hoton wani saitin nonstik guda 12 masu ruwan hoda, har ludayi da cokali duk kala ɗaya, wai Yaya duba min in tura kuɗi ko in dakata. Nace mata tsaya tukunna, me kike dafawa a gidanki daga Asabar zuwa Juma'a? Tace tuwon masara kusan kullum da dare, shinkafa da wake, dambu in an samu zogale, sai ɗanwake ranar da take jin ƙiwa. Nace to cikin sha biyun nan wacce ce zata ɗauki muciya? Shiru kake ji. Ni na riga ta shan wannan wahalar, farkon aurena a nonstik nake tuƙa tuwo dan ina jin daɗin baya kamawa, wata uku ba a yi ba na fara ganin baƙi-baƙi a jikin malmala kamar an barbaɗa masoro, ashe shafen cikin tukunyar ne ke ɓarewa muna haɗawa da miyar kuka.

In dai tuwo ne ko dafa-dukan taro, har yau ban ga abinda ya kama ƙafar tukunyar dalma ba. Tana da kauri, tana riƙe zafi, ki taka kunnenta ki tuƙa da ƙarfinki ba abinda zai sameta, gas ko gawayi ko icce duk nata ne. Maƙera ne ke narka tsofaffin kayan alminiyam su zuba su fitar da ita, wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake yi. Wajen siye kar ki ji kunyar mai kaya, ɗaga ta ki kalli rana ta cikinta ko akwai ƴar huda, ki ƙwanƙwasa gindin da zobenki ki ji ko ƙarar ta fita tas, ki ɗora murfin ki ga ya zauna ba ya rawa. Girma kuma ki tambaya da mudu, mai cin mudu ɗaya ta ishi ƙaramin gida, mai cin biyu ko uku ta ranar baƙi ce. Amma fa tana da nata aibin, tunda ba ki san me da me aka narka ba, kuma an taɓa gwada irin waɗannan tukwanen a Kamaru aka samu wasu na sakin gubar ƙarfen dalma na ainihi, wato lead, a abinci musamman in abu mai tsami ne. Shi yasa ni zoɓo da tsamiya da miyar yakuwa basa shiga cikinta, kuma bana barin miyar tumatir ta kwana a ciki. Kanwa ma tana baƙanta alminiyam. In hankalinki bai kwanta da ta maƙera ba akwai ta kamfani irin Tower, tafi sauƙin ɗauka, sai dai bata kai waccan kauri ba.

Miya kuma sitenles zaki nema, bata ɗaukar tsami bata canza ma abinci ɗanɗano. Anan ne ake cutar mutane da sheƙi. Wata zaki ganta tana walƙiya kamar madubi amma ki ɗaga kiji kamar gwangwanin madara, wannan ko albasa kika juya baya sai ta ƙone. Ki juya gindin, mai kyau zaki ga an liƙa mata wani faifai mai kauri a ƙasa, shi ke raba zafin wuta. In kinga an buga 18/10 a jiki to ƙarfen mai kyau ne, baya saurin tsatsa. Biyu sun isa, matsakaiciya da ƙarama.

Nonstik ɗin ban ce ki ƙi shi gaba ɗaya ba, kasko ɗaya tal, na ƙwai da sinasir da wainar fulawa. Cokalin katako, soso mai laushi, kuma kar a ɗora shi wuta ba komai a ciki dan shafen yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260. Ki sa a ranki abu ne mai ƙarewa, ba irin tukunyar da uwa ke barma ƴa bace.

Wanda nake ta yi ma mutane talla kamar ana biyana shine firesha, tukunyar nan mai kulle tururi a ciki. Ruwa a tukunyar da muka saba yana tafasa ne a digiri 100, a firesha tururin da ta kulle yana kai shi wajen 120, shi yasa ganda da ƙafar sa da wake ke nuna a ƙasa da rabin lokacin da kika saba, kuma da tsadar gas ɗin nan duk wadda ke cika silinda mai kilo 12.5 ta san me nake nufi. Mutane na tsoronta wai tana fashewa, alhali yawanci cika ta ake yi fal ko a bar hancin da tururi ke fita ya toshe. Kar ta wuce kashi biyu cikin uku, in wake ne rabi saboda kumfa, ki leƙa hancin kiga haske kafin ki rufe, kar kuma ki buɗe sai tururi ya gama fita. Tambayar farko da zaki yi ma mai shago itace ana samun robar murfin in ta saki? In ya fara kame-kame ki wuce. Na Indiya irinsu Prestige da Hawkins sun daɗe ana amfani dasu.

Blenda, hmm. Zaki ga kwali an rubuta wat 8000 da manyan baƙi, alhali fulogin gida mai amp 13 abinda zai iya ɗauka bai wuce wajen 3000 ba, kinga lissafin bai hau ba. Ki bar rubutun kwali, kisa a jona miki a shagon, ki ɗaga gindin kiji nauyin injin, ki duba inda kofin ke haɗuwa da shi ƙarfe ne ko roba, sannan ki nemi mai ƙaramin kofin niƙa busasshen abu saboda citta da kanumfari. Ki kuma tuna da wutar unguwarku, in ƙaramin janareto ne daku babbar blenda zata sa shi tari. Markaɗen ƙosai ko alalan mudu guda ki tura inji kawai ki huta. Kuma duk tsadar blenda bata jajjage, ruwa take mayar da attaruhu, dan haka turmi na nan daram, ki nemi na ƙirya mai nauyi wanda ba tsaga a gindinsa.

Tandar masa in a gas zaki yi kar ki ɗauko mai gida da yawa, wutar a tsakiya take tsayawa sai na tsakiya su ƙone na gefe suna farare. Ta ƙasa tafi ba da masa mai daɗi wallahi amma gawayi take so. Wuƙa guda ɗaya mai kyau da dutsen wasawa ta fi saitin nan mai guda shida a cikin katako. Madambaci, muciya, mara, maburgi, rariya, gwagwa da matsami kuwa duk a rumfa ɗaya zaki haɗa su a kasuwar Sabon Gari, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ita dai ƙanwar tawa daga ƙarshe dalma ɗaya ta siya da sitenles biyu da firesha mai lita 5, sai kasko ɗaya, shima sai da ta zagaya shago huɗu dan dole sai mai ruwan hoda. Jiya ta kirani firesha na ta shiii a bayanta, wai Yaya usur na nawa zan kashe in ganda ce.