Fim ko shirin rediyo: wanne ya fi buɗe kunnen babba ga Turanci?

Wata 'yar'uwa a cikinmu, ma'aikaciyar jinya, ta kawo tambaya. Ta ce shekarunta sun haura talatin, tana karanta Turanci tana rubutawa lafiya lau, amma da zarar Bature ya buɗe baki sai maganar ta wuce ta kamar iska. Tana shirin jarrabawar IELTS, wato ta gwada ƙwarewa a Turanci, don neman aiki a Ingila, an kuma ba ta shawara iri biyu. Wasu sun ce ta dage da kallon finafinan Turanci, wasu sun ce ta kama gajerun shirye-shiryen koyon Turanci irin na rediyo. Wanne za ta bi?

Malama, na daɗe ina koyar da manya Turanci a ajin yamma, kuma wannan kukan naki shi ne kukan kusan kowa. Bari mu fara duba abin da ke jiranki. Sashen sauraro na IELTS kusan minti 30 ne, tambayoyi 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Za ki ji bakin Ingila, ki ji na Ostireliya da Niyu Zilan da Amurka. Hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, tana neman mataki na 7 cikin 9 a sauraro da magana da karatu, da 6.5 a rubutu. Ke nan ba gane inda zance ya dosa kaɗai ake so ba, ana so ki cafke lamba da suna da kwanan wata tun kafin su wuce.

Matsalarki kuwa ba ƙarancin kalmomi ba ce. Mu Hausawa kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta, ba ma haɗiye rabin kalma. Bature kuwa yana danna gaɓa ɗaya ya murƙushe na kusa da ita. Abin da kika sani a takarda da "cup of tea" a bakinsa yana fitowa kamar "kapa tii", ita kuma "what are you going to do" sai ta dunƙule ta koma wani abu kusa da "wacha gona duu". Idonki ya san kalmomin sarai, kunnenki ne bai taɓa gamuwa da su a wannan kama ba.

To, fim yana da nasa alheri, ba zan hana shi ba. A nan ne za ki ji Turanci yadda ake yin sa a gida da kan titi: da sauri, da fushi, da raɗa, wani na katse wani. Kina ganin leɓen mai magana da fuskarsa, kuma daɗin labari yana riƙe ki awa biyu ba ki ƙosa ba. Masu ba ki wannan shawara sukan kafa hujja da mutanenmu da suka tsinci Indiyanci a finafinai, kuma gaskiya ne akwai su da yawa a Kano da sauran garuruwanmu. Amma ki lura da abin da ya zauna musu a ka: waƙoƙi da jimlolin da suka ji sau ɗari. Maimaici ne ya koya musu, ba yawan kallo ba.

Inda fim ke cutar mai koyo shi ne rubutun nan da ke bi ta ƙasan allo. Ke da kika ƙware a karatu, idonki zai yi wuf ya karance shi tun kafin kunne ya gama aikinsa. A tashi kin fahimci labari tsaf, kina ganin kin ci gaba, alhali kunnen yana nan inda yake. Sai dai rubutun ma iri biyu ne. A 2009 wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Holger Mitterer da James McQueen, sun nuna wa ɗaliban ƙasar bidiyon Turancin Sikotlan da na Ostireliya. Waɗanda suka kalla da rubutun Turanci sun fi gane baƙon lafazin daga baya, rubutun harshensu na gida kuwa ya rage musu wannan riba. Saboda haka in za ki kalla, rubutun ya zama na Turanci. Fim ɗin da aka fassara da Hausa kuwa nishaɗi ne kawai, kada ki sa shi a lissafin karatu.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943, kuma shirinta na 6 Minute English hira ce ta mutum biyu, minti shida, da rubutaccen shirin kyauta. Muryar Amurka ta fara nata a 1959, da zaɓaɓɓun kalmomi wajen 1,500, ana karantawa a hankali fiye da yadda ake magana kullum. Ba kiɗa, ba ƙarar mota, ba fuskar da za ki leƙa ki yi hasashe. Kunne ne kaɗai, kamar dai yadda za ki zauna ranar jarrabawa. Ga sauƙin data, ga shi kina iya saukewa ki saurara a cikin a-daidaita-sahu kan hanyar zuwa aiki.

Amma babbar falalarsa ita ce gajarta, don abin da yake gajere shi ake iya maimaitawa. A nan nake so in daɗe, domin hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ki tuna yadda aka biya miki karatu a Islamiyya: malam ya ja aya, ki amsa, ya sake ja, ki sake amsawa, har harshenki ya faɗa daidai inda nasa ya faɗa. Haka za ki yi da shirin nan. Ki saurare shi sau biyu ba tare da duba rubutu ba. Ki ɗauki minti ɗaya daga ciki ki rubuta duk abin da kika ji, sannan ki gwada da rubutaccen shirin. Wuraren da kika rasa su ne ciwonki, kuma za ki ga yawancinsu ƙananan kalmomi ne da kika sani tun firamare, irin su "of" da "to" da "have" da "been". Daga nan sai ki kunna jimla, ki tsayar, ki faɗe ta da irin hawa da saukar muryarsu, ki naɗi kanki a waya ki saurara. Fim ɗin awa biyu ba ya yarda a yi masa haka.

Wannan bita ita ce ke gyara baki ma. Ɗalibaina sukan ce sautin "th" ya gagare su, suna cewa "sink" a maimakon "think", "zis" a maimakon "this". Sai in tambaye su ko sun yi tajwidi. Harafin ث shi ne na "think", harafin ذ shi ne na "this", bakin harshe tsakanin haƙora. Sun daɗe da mallakar sautin, ba a dai taɓa gaya musu ba. Haka bambancin "ship" da "sheep": wanda ke raba gari na mutane da garin tuwo ta tsawon wasali ya riga ya samu madafa, ko da yake wasulan Turancin Ingila sun kai 20, namu kuwa biyar ne gajeru da dogwayensu, sai tagwaye. Inda aiki yake da gaske shi ne "p" da "f", don Hausa ba ta raba su. A "p" leɓɓa biyu ne ke rufewa su fashe da iska, a "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Ki riƙe 'yar takarda gaban bakinki ki ce "pill": in ta yi tsalle kin dace. Sai kuma ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta haifar mana da burodi da sukudireba. A Hausa ado ne, amma a "strict" ko "tablets" sai kin danne ta.

Akwai guda ɗaya da nake roƙonki kada ki yi wa sakaci: "thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty". A na farko nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe, a na biyu yana kan ta farko. A jarrabawa maki ɗaya ne, amma a ɗakin marasa lafiya adadin magani ne.

Shirin rediyon ma yana da iyakarsa. Masu gabatarwa suna magana a tsabtace, ba kamar tsohon da ke kwance yana nishi da bakin Libaful ko na Gilasgo ba. Wanda ya tsaya a nan kaɗai zai sha mamaki ranar da ya sauka. Wannan giɓin ne fim yake cikewa.

Don haka in ni ce ke, minti 20 kullum na ba wa gajeren shiri, shiri ɗaya na kwana uku kafin in canza. Ranar hutu sai in ɗauki fim ko shirin talabijin na Ingila, musamman wanda labarinsa ke faruwa a asibiti, in kalla da rubutun Turanci. Sannan in ware wuri ɗaya na minti biyu in rufe rubutun, in rage gudunsa zuwa 0.75 in a YouTube ne, in yi masa irin bitar da na yi wa rediyo. Bayan wata ɗaya ki koma kan shirin da kika fara da shi, ki sake rubuta wancan minti ɗayan, ki ajiye takardun biyu gefe da gefe ki ƙirga guraben da suka cike.