Saƙon "an kira ka": abin da na gani tsakanin Marwa da Koza

Sana'ata sarin albasa. Daga Marwa da ke arewacin Kamaru nake tashi in bi ta Mokolo in gangara Koza, kuma duk wanda ya san duwatsun Mandara ya san yadda rezo yake a can, wato sabis a bakin 'yan Najeriya. Kana kan tudu sanda huɗu, ka gangara kwari babu ko ɗaya. Wata huɗu ke nan ina amfani da tsarin nan na kamfanin layina da ke turo saƙo idan an neme ka ba a samu ba.

Abin da ya sa na kunna shi rigima ce da Kawu. Wata ranar kasuwa ya kira ni sau shida kan kuɗin mota, da na dawo ya tare ni a zaure: "Kai yaro, yanzu har ka yi girman da za ka kashe mini waya?" Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarku, ku duba da kanku." Na miƙa masa wayar. Babu kiransa ko ɗaya a jerin kiran da aka rasa. Bai yarda ba, ya ce gogewa na yi.

Gaskiyar magana, wayar ba ta da laifi, don kiran bai taɓa isowa gare ta ba. Kira yana fara zuwa na'urar kamfani ne, ita kuma ta sa eriyoyin yankin da aka gan ka na ƙarshe su yi cigiyar wayarka. In ba ta amsa ba, sai a gaya wa mai kira ba a same ka ba. Akwai ma wani bambanci da na lura da shi. Idan da hannunka ka kashe waya, tana sallamar kamfani kafin ta mutu, shi ya sa mai kira ke jin muryar matar nan take. Idan kuwa rezo ne ya ɗauke, kamfani bai sani ba, sai mai kira ya ji shiru na 'yan daƙiƙoƙi ana ta nema tukuna. Da Kawu ya san wannan, da shirun ya wanke ni.

To, saƙon yana aiki. Ina hawowa Mokolo sai wayar ta hau ƙara, saƙonni suna shigowa a jere, kowanne da lambar da ta kira da lokacin. Ko a ƙaramar waya mai madannai yana zuwa, ba ya bukatar intanet, kuma nan ya fi WhatsApp, wanda sai da data zai nuna maka an neme ka.

Inda ya gaza shi ne jinkiri. Wani lokaci rezo ya dawo tun azahar, saƙon bai shigo ba sai bayan la'asar. Ranar da wani dillali daga Kuseri ya nemi buhu arba'in, kafin in ga saƙonsa ya riga ya saya a hannun wani. Albasa kuwa ba ta jiran kowa, balle farashinta. Sannan da Faransanci yake zuwa. Ni ina lallaɓawa, amma abokan tafiyata da yawa lambar kawai suke ganewa.

Akwatin ajiye murya kam na rufe shi a sati na biyu. Mutanenmu ba sa magana da na'ura. Inna ta kira sau uku, ta ce wata mata ce ke ɗauka tana yi mata Turanci, ga kiredinta yana tafiya a banza, domin da zarar akwatin ya amsa an fara lissafi.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne juya kira. Ana danna **62* sai lambar da kake so, sai #, a kira. Daga nan duk wanda ya neme ka babu rezo, kiran zai faɗa wancan layin. Na sa lambar ƙanena da ke zama a rumfa. Da *#62# ake duba inda kiran ke zuwa, da ##62# ake sokewa. Sai dai a sani, a layina kuɗin juyawar daga kiredina ake cira, kuma tun da na kunna shi saƙon "an kira ka" ya daina zuwa, sai na soke ya dawo. Dole ka zaɓi ɗaya.

Yanzu ranar tafiya Koza juya kira nake yi, sauran kwanaki in bar saƙon. Kawu ya sake kira makon jiya ina cikin kwari, ƙanena ya ɗauka, suka gama maganar mota ba tare da ni ba. Har yau dai bai janye zancen gogewar nan ba.