Neman ƙarfen bamba a Suame Magazine: inda ake dacewa da inda ake shan ciwo

Duk mai Hilux ko Patrol ko tsohuwar Land Cruiser da ke shiga hanyar gonar koko ko ƙauyukan arewa da damina ya san bambar roba ba ta kai labari. Kututture ɗaya ya ishe ta. Daga nan sai a fara tunanin haɗa ta ƙarfe, kuma a Kumasi wannan tunanin a Magazine yake ƙarewa, wato unguwar makanikai da masu walda da ke Suame. Masu walda kam ko'ina ka juya ga su. Ƙarfen da ya dace ne ke da wuyar tantancewa, don haka maganarmu a kan masu sayar da shi take: shagunan sabon faranti, da filayen 'yan kwandem masu sayar da tsofaffin ƙarafa, da masu injin yanka da lanƙwasa.

Shagunan sabon ƙarfe su ne wurin sayen fuskar bamba. Falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Kaya akwai, daga siriri har mai kauri, kuma baƙin faranti da suke sayarwa ƙarfe ne mai laushi, yana yankuwa, yana lanƙwasuwa, yana shan walda ba gardama. Shi ake so. Inda gizo ke saƙar shi ne kauri. A bakin mai shago "mili biyar" suna ne, ba awo ba. Ka ce, "Masta, wannan biyar ne cikakke?" zai ce maka biyar ne, shi ma haka aka kawo masa. Ka je da ma'aunin kauri irin na masu injin gyaran ƙarfe, ka auna a wuri uku, ka ɗan shiga ciki kaɗan, domin bakin da aka yanka yana da ɓawo da ke ƙara awo. Ba abin mamaki ba ne ka ga 4.5. Idan shagon yana da sikeli, lissafin ba wuya: kowane milimita ɗaya na kauri kilo 7.85 ne a murabba'in mita. Cikakken falle na mili 3 kilo 70 ne, na mili 4 wajen kilo 93, na mili 5 kilo 117, na mili 6 kilo 140. Wanda ya gaza haka sosai, ka san kuɗin biyar ake nema a kan huɗu da rabi. Ba wai ƙarfen ya lalace ba ne, ciniki ne ya kamata ya sauka.

Faranti mai ƙuraje a samansa, wanda ake shimfiɗa wa matakala, yana ba da sha'awa a saman bamba inda ake taka ƙafa, amma a auna shi a tsakanin ƙurajen, ba a kansu ba.

Yawancin bambar da ake haɗawa a gari an juya mata lissafi: fuska mai kauri kamar ƙofar banki, ƙafafun da ke riƙe ta da shasi kuwa guntun angil ayon. Fuskar ba ta buƙatar wuce mili 4, ko 5 ga wanda ya san zai riƙa goga ta da dutse, domin ƙarfinta daga lanƙwasa yake zuwa. Tsiri mai tsawon mita 1.9 da faɗin rabin mita, wanda ya ishi motar da faɗinta ke wajen mita 1.8, kilo 30 ne a mili 4, kilo 37 a mili 5, kilo 45 a mili 6. Ba a saka ƙafafu ba, ba a saka bututu ba. Ka ɗora winci, injin igiyar janyo mota, mai jan fam 9,500, wanda shi ma yakan haura kilo 30, sai ka ga kilo 80 ko fiye sun rataya gaban taya. Gaban mota ya duƙa, fitila ta koma haska ƙasa, sifirin da shokafsoba su fara kuka.

A nan ne sayen rabin falle ke da tarko. Idan ka ce a ba ka rabi, abin da yaran shago suka saba shi ne su raba a gicciye, ka tashi da 1220 da 1220. Wannan ba zai ba ka fuska guda ba, sai dai a yi ta gida uku, tsakiya da fikafikai biyu. Hakan ma yana yi, har ya fi sauƙin lanƙwasawa. Amma idan guda kake so, ka ce a tsaga a tsaye, 610 da 2440, kuma ka shirya jin an ƙara kuɗi, domin ragowar tana yi musu wuyar sayarwa.

Masu kauri kuwa kar ka saye su sabbi. Abin da kake buƙata kaɗan ne: farantin zaman winci mili 6 zuwa 8, ƙafafun shasi mili 10, kunnuwan ja, inda ake maƙala igiyar janyo mota, mili 20. Ba wanda zai yanka maka tafin hannu biyu daga sabon falle da araha. Filayen 'yan kwandem su ne maganin wannan, kuma nan ne Magazine ta fi burgewa. Ragowar masu haɗa bodin tifa da tirela tana zube, da kilo ake sayarwa, mai haƙurin tono yakan fita da guntaye masu kyau da ko tsatsa ba ta ci ba. Sai dai mai filin nauyi ya sani, bai san asali ba, kuma ba laifinsa ba ne. Kai za ka gwada.

Gwajin ba ya cin minti biyu. A ɗora giranda a gefen ƙarfen. Mai laushi yana fitar da tartsatsi dogaye, miƙaƙƙu, ba rassa da yawa. Wanda ya cika tauri tartsatsinsa yana fashewa kamar furanni a ƙarshe. Sannan a goga magagari: idan ya ci, to; idan ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ajiye shi. Da haka za ka tsallake abubuwa uku da aka fi cusa wa mutane da sunan "wannan ya fi ƙarfi". Na farko ganyen sifirin na babbar mota. Yana da ƙarfi, gaskiya ne, amma walda tana gasa gefensa ya zama kamar gilashi, ranar da aka ja mota daga laka ya ɓalle a nan gefen ɗinkin. Na biyu shasin manyan motoci, wanda da yawa an ƙera su da ƙarfen da zafi ke ɓata shi. Na uku farantin bokitin katafila, mai cinye bakin dirila ba tare da ya huda ba, ya kuma tsage a injin lanƙwasa. Tsohuwar tukunyar gas da tankin mai kuwa ko kusa da wuta kar a kai su.

Tsatsar sama ba komai ba ce, buroshin waya zai ɗauke ta. Wadda ta yi ramuka ita ce matsala, domin kaurin gaskiya shi ne na ƙasan ramin.

Bututu shi ne ɓangaren da kasuwar ta fi rauni. Abin da ya fi yawa shi ne na ƙofa da kujera, mili 1.2 zuwa 1.5, da farin bututun ruwa. Na farkon ƙafa ma tana lotsa shi. Na biyun kuwa hayaƙin da rufinsa ke fitarwa wajen walda yana sa zazzaɓi da ciwon kai, kuma ɗinkin yana fitowa da ƙofofi idan ba a kankare farin ba. Ka nemi baƙin bututu mai faɗin mili 48 da kaurin bango mili 3 ko sama. Akwai shi, sai an tambaya shago biyu uku.

Kafin ka je wajen masu yanka, ka gama bambar da kwali a jikin motar, ka rubuta kusurwa a kan kowane layi. Injin almakashi ya fi tsabta a miƙaƙƙen yanka. Wutar gas ta dace da masu kauri, amma tana cin mili 2 zuwa 3, tana kuma murɗe faranti siriri, don haka a bar rara a gyara da giranda. Wajen lanƙwasa ka tambaya tun farko ko injinsu zai ɗauki mita 1.9 a kaurin naka, ba duka ke iyawa ba. Wanda ya ce zai tsaga da giranda rabin kauri ya lanƙwasa ya cike da walda, aikin yana yi a fuska, amma ban da ƙafafu. Kuma a je da safe. In aka ɗauke wuta, injin duk ya tsaya, kayanka na kwance.

Sandar walda 6013 ce a hannun kowa, ta ishi fuska. Ƙafafu da kunnuwan ja 7018 suke so, mili 3.2, an fere bakin ƙarfen an yi ɗinki fiye da ɗaya. Kar a sayi 7018 da aka zube a tire tana shan iskar damina, a nemi kwalin da ba a buɗe ba, sannan a tabbatar injin mai waldar yana iya kunna ta, domin ƙananan injinan haɗin gida suna liƙewa da ita. Kunnen ja ya ratsa fuskar ya haɗe da ƙafar shasi kai tsaye, da huda mili 24 don ƙugiya mai fil ɗin mili 22. Wanda aka manna a fuska kawai, idan ya ɓalle da igiya a ɗaure, jifa ne mai kisa.

Ba a walda bamba a jikin shasi. A ɗaure da kusoshin M12 masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Wanda kansa ba rubutu, na gado ne da tebur. Inda shasin yake kamar akwati, a saka guntun bututu a ciki don kar ɗauri ya matse shi. A bar tazarar mili 15 zuwa 20 tsakanin bamba da bodi, domin a hanya mai gargada kowanne motsinsa daban. A bar wa lagireto hanyar iska, a bar wurin lamba da fitilu a fili saboda ranar gwajin DVLA, hukumar lasisi da duba motoci ta Ghana. Motar da ke da jakar iska kuma, ɗaure mata ƙarfe mai tauri a bakin shasi yana iya canza lokacin da jakar ke fashewa, wannan sai an yi shawara da wanda ya san motar.

Sabon faranti yana zuwa da baƙin ɓawo mai sheƙi. Fenti a kansa yana ɓarewa tare da shi, don haka a kankare har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, ciki da waje. A ƙasan kowane lungu a huda rami mili 10, in ba haka ba lakar da ta shiga a watan Yuni tana nan jiƙe har Oktoba tana cin ƙarfen ta ciki. Cikakken falle kuwa kar a ɗora wa aboboya, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, ana ratsa cunkoson shataletalen Suame da shi. A yanka a can, a ɗauko guntaye, ragowar a mayar wa 'yan kwandem su auna su rage maka kuɗin masu kaurin.