BITS, VIT, Manipal da SRM: wace jami'ar kuɗi ce a Indiya ta cancanci kuɗinta?

Duk jami'ar kuɗi a Indiya da ka buɗe shafinta, abin da zai fara tarbarka shi ne wani ƙaton adadi: albashi mafi tsoka da wani ɗalibinta ya samu a bara. Wannan adadi na mutum ɗaya ne ko biyu cikin dubbai, kuma bai kamata ya shiga lissafinka ba. A can, kamfanoni ne ke zuwa har cikin makaranta su yi wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawa da ganawa, su ba su takardar aiki tun kafin su gama. Kusan duk tallar jami'o'in a kan wannan ta ginu, don haka sai ka iya karanta alƙaluman kafin ka kwatanta su.

Albashin da suke bugawa shi ake kira CTC, wato jimillar abin da kamfani zai kashe a kan ma'aikaci a shekara, ana ƙirga shi da lak, lak ɗaya kuwa rupi 100,000 ne. A cikinsa ake cusa kuɗin fansho, da kyautar kama aiki da ake ba da ita sau ɗaya tak, da hannun jarin kamfani wanda galibi sai a shekara huɗu yake gama zama naka. A ce an rubuta lak 40: tana iya yiwuwa lak 20 hannun jari ne, lak 4 kyautar kama aiki, abin da ya rage shi ne za a raba gida 12, kuma a cire haraji. Yawancin ɗalibai ma ba wannan layin suke bi ba. Kamfanonin da ke kwasar mutane da yawa a lokaci guda, irin su TCS, Infosys, Wipro da Cognizant, sun daɗe suna fara biyan sabon ɗauka lak 3.5 zuwa 4, wanda a hannu bai kai rupi 30,000 a wata ba. Takardar aikin ita ma ba tabbas ba ce. A Fabrairun 2023 Wipro ta nemi wasu da ta yi wa alkawarin lak 6.5 su karɓi lak 3.5 in suna son fara aiki nan kusa.

Inda za ka sami abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne takardar NIRF, tsarin jera jami'o'i na ma'aikatar ilimi ta Indiya da ya fara fitowa a 2016. Kowace jami'a da ta shiga tana ajiye takardar a shafinta. Nemi teburin digiri na shekara huɗu. Zai nuna maka na shekara uku a jere: nawa aka ɗauka, nawa suka gama a kan lokaci, nawa suka sami aiki, nawa suka wuce karatun gaba, da albashin tsakiya, wato in an jera waɗanda suka sami aiki daga ƙaramin albashi zuwa babba, abin da na tsakiyar layi ya samu. Raba waɗanda suka sami aiki da waɗanda suka gama, ba da waɗanda makaranta ta ce sun "cancanta" ba, domin ana cire mai ragowar kwas da mai ƙaramin maki kafin a ce kashi 90 sun samu. Kamfanoni da yawa ba sa duba wanda bai kai kashi 60 ba a jarrabawar aji 10 da aji 12 na sakandare da jami'a. Kula kuma da kalmar "tayi": ɗalibi ɗaya mai tayin aiki uku, sau uku ake ƙirga shi. Jami'o'in ne da kansu ke cika wannan takarda, amma duk da haka ta fi allon talla nesa ba kusa ba.

BITS Pilani, wadda aka kafa a 1964, ita ce gaba a cikin huɗun, kuma babu wata jayayya a kan haka. Ƙarfinta yana cikin tsarin Practice School: mako takwas a wata ma'aikata bayan shekara ta biyu, sannan wajen wata biyar da rabi a kamfani a shekarar ƙarshe, makaranta ce ke shirya wurin, kuma ana ba da maki. Da yawa daga nan aikinsu ke fitowa. Rassanta na Goa da Hyderabad digiri ɗaya suke bayarwa da na Pilani. Matsalarta biyu ce, jarrabawar shiga ta BITSAT mai tsauri, da kuɗi: na shekara huɗu ya haura lak 20, kuma ana ƙarawa kusan kowace shekara, don haka kada ka ninka kuɗin shekarar farko sau huɗu ka ce ka gama lissafi.

VIT ta Vellore, a jihar Tamil Nadu, ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, saboda farashinta ba ɗaya ba ne. Matsayinka a jarrabawar shiga ta VITEEE ne ke jefa ka cikin rukuni na 1 zuwa na 5. A kwas ɗin kwamfuta, ɗan rukuni na 1 yana biyan kusan lak 2 a shekara, ɗan rukuni na 5 kusan lak 5, alhali aji ɗaya, malami ɗaya, layin neman aiki ɗaya. A rukuni na 1 da na 2 da wuya ka sami inda ya fi ta arha a wannan mataki. A rukuni na 5 kuwa, mutum ya kusa biyan kuɗin BITS ba tare da samun abin da BITS ke bayarwa ba. Kamfanoni suna zuwa da yawa ƙwarai, amma ɗaliban ma sun yi yawa, sai ka ga dubbai suna rubuta jarrabawar kamfanin da zai ɗauki 'yan ƙalilan. Tsarinta na FFCS yana ba ɗalibi damar zaɓen malami da lokacin darasi da kansa. A takarda abin sha'awa ne, a aikace kuwa gurbin malaman da ake so yana cikewa cikin mintoci, wanda intanet ɗinsa ya yi nauyi ya ɗauki abin da ya rage. Dokokin ɗakin kwana suna da tsauri, akwai lokacin rufe ƙofa da neman izinin fita, kuma sai ka halarci kashi 75 na darasi kafin ka zauna jarrabawa. Wasu iyaye wannan ne ma ke ja musu hankali.

Manipal, kusa da Udupi a jihar Karnataka, akasin haka take. Kwalejin injiniyancinta ta fara a 1957, a nan Satya Nadella na Microsoft ya yi digirinsa na farko. Garin kacokan na ɗalibai ne, ga kwalejin likitanci ta Kasturba da asibitinta a gefe, ga ƙungiyoyin ɗalibai masu ƙera motar tsere da mutum-mutumi, waɗanda ke koya wa yaro abin da aji ba ya koyarwa. A zaman makaranta ita ce ta fi daɗi a cikin huɗun, sai dai 'yancin nan yana cin wanda ba ya iya riƙe kansa, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama ba ya sassautawa, takalmi da littafi duk suna yin fumfuna. SRM kuma, babban reshenta na Kattankulathur ne abin dubawa: jirgin ƙasa daga tashar Potheri yana kai ka cikin Chennai, shiga ta fi sauƙi, yawan jama'a irin na VIT ne, kuɗin kwas ɗin kwamfuta kuwa ya ninka na rukunin farko na VIT.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne suna. VIT-AP da VIT Bhopal jami'o'i ne masu zaman kansu a ƙarƙashin dokar jihohinsu, ba ita ce ta Vellore ba. Haka SRM-AP, haka Manipal ta Jaipur da ta Sikkim. Alƙaluman uwar gida ba nasu ba ne, kowace ka nemi takardarta ta NIRF. Na biyu shi ne kwas: albashin tsakiya na makaranta 'yan kwamfuta ne ke ɗaga shi, ɗan injiniyan gini ko na kanikanci sai ya nemi na sashensa kaɗai, in ofishin ya yi ta kwana-kwana to ka sami amsa.

A lissafin kuɗi, ɗakin kwana da abinci suna iya ƙara lak 1 zuwa 2 a shekara, gwargwadon yawan gadaje a ɗaki da ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, wadda a zafin Vellore ko Pilani ba almubazzaranci ba ce. Idan ka biya a wuri ɗaya sannan wata makarantar ta kira ka, ƙa'idar UGC, hukumar kula da jami'o'in Indiya, ta 2018 ta ce a mayar maka da kuɗinka, ban da ɗan abin da bai wuce rupi 5,000 ba, in ka janye kwana 15 ko fiye kafin ranar rufe ɗaukar ɗalibai. Daga nan yana sauka zuwa kashi 90, 80, 50, bayan kwana 30 da rufewa kuma babu komai. Ƙa'idar ta kuma hana makaranta riƙe ainihin takardun shaidarka.

Ga wanda ba ɗan Indiya ba, lissafin gaba ɗaya ya canza. Farashinsa daban ne, galibi da dala. Bizar karatu ba ta ba da izinin aiki, bizar aiki kuwa tana bukatar albashin da ya kai lak 16 da ɗoriya a shekara a ƙa'idar gwamnati, ninki huɗu na abin da su TCS ke fara biya. Ma'ana, yawancin ayyukan da ke cikin waɗancan alƙaluma ba za su iya zama nasa ba. Abin da ya kamata ya auna shi ne ko kwas ɗin yana da amincewar NBA, hukumar tantance ingancin kwasa-kwasan injiniyanci ta Indiya, domin Indiya ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington a 2014, wadda ke sauƙaƙa karɓar digirin injiniyanci a ƙasashen da ke cikinta. Ya kuma tambayi ofishin ɗaliban waje a rubuce ko ana barin baƙi su zauna ganawar kamfanoni, sannan in bizarsa ta wuce kwana 180 ya yi rajista da ofishin rajistar baƙi na FRRO cikin kwana 14 da saukarsa.