Lesin Turanci na bayan la'asar: Malam ya iya, masu wurin sai a hankali

'Yan ajinmu sun dame ni da tambaya wai lesin nan da nake zuwa yana da amfani kuwa ko kuɗin Baba kawai ake ci, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan wurin ba, wanda yake unguwarmu ya san inda nake nufi, azuzuwan wata firamare ce ta kuɗi suke haya in yara sun tashi. Ni SS3 nake, JAMB na gaba, WAEC na biye a Mayu da Yuni, NECO na bayanta, kuma kowa ya san in ba ka samu ko C6 a Turanci ba ko A1 ka jera a sauran darussa maganar jami'a sai dai wata shekarar. Na shiga daidai ana kan tensis, wato yadda ake nuna lokaci a jimla, ɓangaren abin da zai faru nan gaba, don haka a kan shi zan auna su.

Mu dai tun JSS abin da aka ba mu tebur ne, will da shall, a haddace a zuba a jarrabawa shikenan. Shi ya sa duk maganar gobe sai mu manna mata will mu wuce. Shi wannan Malamin ranar da ya fara bai ma rubuta komai a allo ba, da Hausa ya fara. Ya ce wa zai ɗauko min dasta a ofis, wani yaro a gaba ya miƙe ya ce zan ɗauko, Malam ya ce tsaya, yaushe ka yanke wannan shawarar? Ya ce yanzun nan. Ya ce to wannan ita ce I will get it. Sai ya juyo kan wata ɗaliba ya ce ke me za ki karanta a jami'a, ta ce lauya take so ta zama tun tana firamare, ya ce tunda niyyar ta daɗe a ranki sai ki ce I am going to study law. Haka in ka ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, ido ya riga ya ga alama, It is going to rain za ka ce. In kuma an sa ranar auren yayarka har an buga kati an raba, magana ta ƙare, My sister is getting married on Saturday, babu will ko ɗaya a ciki amma Asabar ɗin ba ta zo ba. Abin da ke kan jadawali kuma, kaman jarrabawa ko tashin jirgi, The exam starts at nine. Duk waɗannan mu da Hausa za ɗin nan guda ɗaya muke sa musu, zan ɗauko, zan karanta, za a yi ruwa, za a ɗaura, za a fara, ashe nan gizo ke saƙar. Har ya tuna mana cewa mu ma muna da wata hanyar ta biyu, in mutum ya ce maka ma haɗu ko ya ce wa yaro ka faɗi fa, ai ba daidai yake da za mu haɗu ko za ka faɗi ba, kunnenmu yana jin bambancin ko ba a koya mana ba, to haka Bature yake jin nasa.

Abin da ya fi min amfani kuwa wallahi shi ne maganar idan. Mu muna cewa idan na dawo zan kira ka, na dawo ɗin nan kamannin abin da ya wuce gare shi, sai rabin aji suka rubuta When I came back I will call you, sauran masu ganin sun waye suka rubuta When I will come back, Malam ya ja wa duka biyun jan biro. Daidai shi ne When I come back, I will call you. Bayan when da if da before da after da until da as soon as, in dai lokaci ko sharaɗi ake nufi, ba a sa will, can ɗaya ɓarin jimlar take zama. Ya kawo mana tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB muka ga yadda ake dana wa mutum tarko da shi, a ba ka zaɓi huɗu kuma wanda ya fi yi maka daɗi a kunne shi ne ba daidai ba. Daga nan ya wuce kan gobe war haka ina cikin mota, This time tomorrow I will be travelling, sai kuma kafin watan Agusta ya kama mun riga mun gama jarrabawa, By August we will have finished our exams, ya ce duk inda kuka ga by da lokaci a gabanta ku buɗe ido. Shall ɗin da muka sha wahalar haddacewa ya ce yanzu an fi jin ta wurin tayi, Shall I open the window, da kuma wutsiyar Let's go, shall we, wadda masu jarrabawa ke ƙauna. Masu rubuta will going da will came ya yi musu dariya ya gyara, masu jawo I go come na burokin cikin insha'i kuma ya ce a bar shi a Sabon Gari.

Inda ban gamsu da shi ba shi ne will have been ɗin nan mai ing a ƙarshe. Misali biyu ya ba mu ya ce ba a cika tambaya ba ya wuce, ni kuma a ganina wanda ya biya kuɗi bai kamata a zaɓar masa abin da zai sani ba.

Yanzu ga masu wurin. Mutane sun yi yawa, haba. Bencin 'yan firamare ne, ga mu ƙarti gwiwa tana dukan tebur, in ka makara kana baya can jikin taga inda ƙarar adaidaita ta fi muryar Malam. Wannan cunkoson ba ƙaramar asara yake ja ba, don insha'in WAEC kalmomi wajen 450 ake so, maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne kuma kowane kuskure rabin maki yake ci, kura-kurai 20 sun share goman tas, wasiƙar da aka ce ka faɗa wa abokinka abin da za ka yi da hutu kuwa daga sama har ƙasa tensis ɗin gaba ne. Abu ne da sai an duba maka rubutunka layi-layi, shi kuma mutum ɗaya ba zai iya makin na kowa ba, sai ya ɗebi 'yan littattafai daga saman tulin sauran a ce ku musanya da na kusa da ku. Makaho ya ja makaho kenan.

Handawut ma daban ake saya bayan kuɗin wata, kuma dole ne, hoton kwafin ya koɗe wasu layukan sai ka kai takarda bakin ƙofa kake iya karantawa, a amsoshin baya ma akwai inda aka sa will bayan until, Malam da kansa ya ce mu soke. An ce mana akwai janareta, ana ganinsa dai a lulluɓe da buhu. An ce akwai gwajin CBT, wato jarrabawa a kwamfuta, saboda JAMB, inda Turanci kaɗai tambaya 60 ne cikin 180 a awa biyu, amma kwamfutocin 'yan kaɗan ne sai an yi layi kafin ka taɓa. Lokacin kuma ya ci karo da Islamiyya, wasu sai sun zaɓi ɗaya. Abin yabo dai ana tashi kafin magariba, mata suna ɓangarensu, kuma ba a riƙe kowa.

Wani zai ce ai duk wannan yana YouTube kyauta. Gaskiya ne, BBC Learning English suna da gajerun darussan nahawu masu kyau ina kallo in na samu data, sai dai da Turanci suke bayanin Turanci, ba su san da zaman idan na dawo ba balle su gane inda yake kayar da Bahaushe.

Wanda yake SS1 ko SS2 shi ya fi dacewa ya je tun da sauran lokaci. 'Yan SS3 kuma in za ku je ku roƙa a bar ku ku zauna rana ɗaya kafin ku biya, ku tambayi kuɗin handawut tun a ofis, ku zo da wuri ku kama bencin gaba, littafinku kuma ku miƙa shi hannun Malam kai tsaye kar ku ajiye a tuli.